Gwanayen Kutsawa Ƙarƙashin Ɓaraguzai a Birnin Meksiko

Da ƙarfe 7:17 na safiyar 19 ga Satumba, 1985, ƙasa ta girgiza a gaɓar tekun jihar Michoacan, fiye da kilomita 300 daga birnin Meksiko, amma birnin ne ya fi jin jiki. An gina tsakiyarsa a kwarin tsohon tafkin Texcoco da aka janye wa ruwa, ƙasar wurin laka ce mai taushi, girgiza in ta shige ta sai ƙarfinta ya ninka. Ɗaruruwan benaye suka zube, dubban mutane suka mutu, har yau ba a daina jayayya kan adadinsu ba.

Hukuma ta yi nawa a kwanakin farko, sai jama'ar gari suka tashi da kansu. A unguwar Tlatelolco, inda dogon benen Nuevo Leon ya kife da mazaunansa, wasu samari suka riƙa cusa jiki cikin kafofin da ba wanda zai ce ɗan Adam zai iya bi, suna fitowa da masu rai. Mutane suka laƙaba masu Topos, sunan wata 'yar dabba mai haƙa rami. A 1986 suka zama ƙungiya, abin da suka fara da ƙarfin hali ya koma sana'ar da ake koyo.

Farkon abin da gwani ke yi shi ne tsayawa ya karanci ginin. Bene ba ya faɗuwa iri ɗaya. Wani hawa-hawansa ke kwantawa kan juna, ba ya barin sarari sai kaɗan. Wani kuwa rufin kankare ne ke saki ta gefe ɗaya, ɗaya gefen na jingine da bango, sai a sami ɗan kogo a ƙarƙashi. A irin wannan kogo, ko kusa da ginshiƙi, ko gindin matakala, aka fi sa ran mai numfashi. Sannan ya nemi maƙwabta ya tambaye su: mutum nawa ne a gidan, ina ɗakin kwana, wa ya riga ya fita aiki? Inda girgizar safiya take riskar mutane ba ɗaya ba ne da inda ta tsakar rana take riskarsu.

Daga nan sai sauraro, kuma a ganina nan gwanintar ta fi ban sha'awa. Mai ceto ya ɗaga hannu a dunƙule, na kusa da shi ya ɗaga, haka har ƙarshen layi. A kashe janareta, a ajiye shebur, ɗaruruwan mutane su yi tsit. Shi kuma ya kwanta rub da ciki, ya kafa baki a kafa ya yi kira, ya ce in akwai mai ji ya ƙwanƙwasa wani abu. Ƙwanƙwasa ya fi murya amfani, domin wanda ya kwana biyu ba ruwa maƙogwaronsa ya bushe, amma bugun bututu ko rodi yana tafiya nesa cikin gini. Sai dai rodin da ya kawo sautin shi ne kuma ke ɓatar da mai nema: a ji bugu a nan, alhali mai bugun yana can wani lungu. Shi ya sa ake kasa kunne ta kusurwoyi daban-daban kafin a yarda da wuri, a kawo kare ya shinshina, a kawo wani karen ya gaskata na farko.

Kunne ma yakan yi ƙarya, musamman in zuciya ta ƙwallafa rai. A girgizar 19 ga Satumba, 2017, wadda ta zo sa'o'i biyu kacal bayan atisayen tunawa da ta 1985, ƙasar duka ta zuba ido kan ceto wata yarinya da aka ce tana raye a ƙarƙashin wata makaranta, daga baya rundunar sojan ruwa ta ce babu yarinyar tun asali.

In an tabbatar da wuri, ba a kiran katafila. Nauyinta da jijjigarta kaɗai sun isa su danne kogon da mutum ke ciki. Da guduma da diga da zarton ƙarfe ake yi, wani lokaci da yatsu. Aikin ya yi kama da na mai haƙa rijiya a ƙasa mai zaftarewa: kowane taƙi aka ci gaba sai an tokare da katako kafin a ƙara. Ramin faɗin kafaɗa ne, mai shiga yana jan ciki da fitila a goshi da igiya a jikinsa, yana cika bokiti yana turawa baya, bokitin na bin hannuwa har bakin titi. Duk wannan kuwa ƙasa ba ta gama motsi ba. A 1985 wata babbar girgiza ta sake afkuwa da daren washegari, mutane na tsakiyar tono.

Isa ga mutum ba shi ne fitar da shi ba. Wanda kankare ya danne wa ƙafa sa'o'i da yawa, naman wurin ya lalace ya tara guba. In aka ɗage nauyin farat ɗaya, gubar ta bi jini ta kashe ƙoda ko ta tsayar da zuciya, mutumin da ake hira da shi ɗazu ya cika a hannun masu cetonsa. Don haka gwani yakan danne zumuɗinsa, a zura wa mutumin ƙarin ruwa tun yana ƙarƙashi, ana masa magana, ana tambayar sunan 'ya'yansa don kada ya sume, sannan a ɗaga da jak kaɗan-kaɗan, ana cusa katako a duk inda aka sami sarari.

Akan ce kwana uku na farko su ne na sa rai, amma 'yan Meksiko ba su cika yarda a tsaya nan ba, suna kuma da hujja. A 1985 an zaƙulo jarirai sababbin haihuwa da ransu daga ɓaraguzan asibitin Juarez bayan kwanaki a binne. Topos sun ɗauki wannan taurin kai sun kai shi Haiti a 2010, da Nepal a 2015, da Turkiyya a 2023, kuma har yanzu 'yan sa kai ne, kowa da sana'ar da yake ci da ita in ya koma gida.