Grasshopper a ajin zanen gine-gine: abin da ake koyarwa da wanda ake tsallakewa

Idan ka taɓa leƙa ɗakin zane na ɗaliban fasahar gine-gine a makon ƙarshe na zango, to ka san wannan hoton. Fuskar kwamfuta a rabe biyu: gefe guda gini ne mai lanƙwasa kamar an murɗe tsumma, ɗaya gefen kuma ƙananan akwatuna ne birjik, an jona su da wayoyi. Manhajar Grasshopper ke nan, wadda ke aiki a cikin Rhino. David Rutten ne ya rubuta ta a kamfanin McNeel, ta fito a 2007 da sunan Explicit History, kuma tun daga Rhino 6 a 2018 tare suke zuwa. Ina son manhajar nan, ina kuma da ƙorafi kan yadda ake koyar da ita. Amma bari mu fara da abin da take yi.

A zanen da aka saba, kai ne kake jan kowane layi. A zanen farametirik kuwa ƙa'ida kake rubutawa, kwamfuta ta ja layin. Ɗauki matattakalar bene. Tsayin hawa mita 3 ne, kana son kowane taki ya tashi santimita 15, ka ga taki 20 ke nan. Akwai tsohuwar ƙa'idar Bafaranshe François Blondel ta ƙarni na 17, wadda a yau ake faɗinta haka: tashin taki sau biyu, a haɗa da faɗin wurin sa ƙafa, ya ba da wajen santimita 63. Wato wurin sa ƙafa zai zama 33. Sai mai gida ya zo ya ce a ɗaga hawan zuwa mita 3.3. Mai zanen hannu sai ya goge ya sake. Wanda ya rubuta ƙa'ida lamba ɗaya zai canja, taki ya koma 22, matattakalar ta ƙara tsawo da santimita 66, nan take kuma ya ga ta toshe ƙofar kicin. Wannan ganin na nan take shi ne ribar. Ɗalibin da ya ga hakan da idonsa ya fahimci cewa gini sarƙa ce, ka taɓa nan can ya motsa, kuma ban san wata hanyar da ta fi wannan saurin cusa masa darasin ba.

Tunanin ma ya girmi manhajar. Antoni Gaudí, lokacin da yake tsara cocin Colònia Güell kusa da Basalona, igiyoyi ya rataya da ƙananan jakunkuna masu nauyi. Idan ya ƙara wa ɗaya nauyi, duk sauran sai su gyara zama, shi kuma ya ɗauki hoton ya kifa shi, ya sami siffar bakan gininsa. Ivan Sutherland ya kai tunanin cikin kwamfuta da Sketchpad a 1963, injiniyoyin kayan inji kuma suka rungume shi da Pro/ENGINEER a ƙarshen shekarun 1980.

To ina matsalar? Ta farko, abin da ɗalibi ke fara koya. Buɗe darussan bidiyo na masu farawa ka gani, za ka yi ta cin karo da abu biyu. Ɗaya bango ne mai ramuka irin zanen jikin raƙumin dawa, wanda ake samu daga lissafin Voronoi. Ɗayan kuma ɗigo ne da ake jan sa a kan bango, tagogin da ke kusa da shi su ƙanƙance, na nesa su buɗe. Abin da ban sha'awa, ba ƙarya. Amma tambayi ɗalibin me ɗigon nan yake wakilta. Rana? Iska? Idon maƙwabci? Galibi babu amsa, a bidiyo ya gani. Ya koyi jona wayoyi, bai koyi dalilin jonawa ba.

Ina ɗora wani ɓangare na laifin nan kan Patrik Schumacher na ofishin Zaha Hadid, wanda a bikin baje kolin gine-gine na Benis a 2008 ya shelanta cewa wannan hanya sabon salon gini ce na zamani. Daga nan hanyar tunani ta koma ado. Ɗalibi ya kalli Cibiyar Heydar Aliyev ta Baku, ya ɗauka idan gini bai yi lanƙwasa ba to ba farametirik ba ne. Alhali matattakalarmu ta ɗazu, miƙaƙƙiya sambal, ta fi bangon ramukan cancantar sunan. Idan misali ake nema, me ya hana a nuna tagwayen benayen Al Bahar na Abu Dhabi, da aka kammala a 2012? An lulluɓe su da ƙananan laimomi masu buɗewa da rufewa gwargwadon inda rana take. Ma'aunin da ke juya zanen a can abu ne da jiki ke ji: zafi. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da tagarsa ke kallon yamma a watan Afrilu a Sakkwato ya san wannan ba zancen ado ba ne. Akwai ma ƙarin manhaja kyauta mai suna Ladybug da ke shigo da bayanan rana da yanayin gari cikin Grasshopper, amma a kwasa-kwasan da na gani sai can ƙarshe ake taɓa ta, idan lokaci ya rage.

Matsala ta biyu ta fi damuna, don ita ba a ma faɗa wa ɗalibi. Ana ce masa wannan zane yana karɓar kowane canji. Ba haka ba ne. Yana karɓar canjin da ka hango tun farko ne kawai. Na taɓa zama cikin masu duba aikin ƙarshen zango, wani ɗalibi ya kawo kasuwa mai rufi irin na igiyar ruwa, yana jan maɓalli rufin yana hawa yana sauka, kowa na gyaɗa kai. Sai wata malama ta ce, "To, a ce hanya ta ci kusurwar filin nan, ya koma mai gefe biyar fa?" Ya gyara layin iyaka. Akwatuna suka soma komawa ruwan lemo, wasu ja wur, rufin ya ɓace ɗungurungum. Yaron ya gina komai a kan cewa fili gefe huɗu gare shi, kuma ba wanda ya taɓa ce masa wannan ma zaɓi ne ya yi. Ba na ganin laifinsa. Daniel Davis ya yi digirinsa na uku a jami'ar RMIT ta Ostareliya a 2013 kan wannan ciwo, ya nuna cewa ƙwararru ma sukan kai inda dole su rushe su sake daga tushe, ya kuma ce maganin yana wurin masu rubuta manhaja: a rarraba aiki gida-gida, a sa wa kowane gida suna, a bayyana abin da ke shiga da abin da ke fita.

Nan ne ita kanta Grasshopper take da nata laifin. Sauƙin jan waya yana ruɗin mutum ya ɗauka ba manhaja yake rubutawa ba, alhali ita yake rubutawa. Akwati goma abin kallo ne. Idan suka kai ɗari uku, wayoyi sun haye juna, masu amfani da ita da kansu taliya suke kiran abin. Bayan wata guda mai aikin ma ba ya gane ina ya faro. Ga kuma yadda take jera bayanai reshe-reshe kamar bishiya, inda ɗalibai suka fi tuntuɓe: ka so a haɗa ɗigo goma da wasu goma, layi goma, sai ka ga layi ɗari. Yawanci sai su yi ta danna umarnin baje rassa ko na ƙara su har abin ya yi kama da daidai, su wuce ba tare da sun san me ya faru ba.

Batun kuɗin lasisi da kwamfuta mai ƙarfi gaskiya ne, amma ba zan tsaya a kai ba. FreeCAD kyauta ce, ta kai sigar 1.0 a Nuwamban 2024, kuma ta isa a koyi tushen abin.

Da ni ke tsara kwas ɗin, makonni biyun farko ba mai kunna kwamfuta. Kowa zai rubuta a takarda: me ke canjawa, me ba ya canjawa, wane ne ke bin wane. Aikin farko matattakala, ko rumfar da za ta tare ranar ƙarfe uku. Jarrabawa kuma ba kyawun hoto za a duba ba, don muddin hoto ke kawo maki, bangon ramuka za a ci gaba da kawowa. Ɗalibai za su yi musayar fayil, a ba kowa canjin da mai aikin bai hango ba, a ba shi minti 30. Idan abokinka ya iya mayar da filinka mai gefe biyar ba tare da ya kira ka ba, makin naka ne.