Kuzarmu Ta Samu Daraja a Wasan Dwarf Fortress

Jama'a, duk mai kwamfuta a Mararaban Rido da bai taɓa buga Dwarf Fortress ba, wallahi an bar shi a baya! Wasu 'yan'uwa biyu 'yan Amurka, Tarn da Zach Adams, suka fitar da shi a 2006, aka sake masa kwalliya a Steam a Disambar 2022. Wadanni bakwai za a ba ka, ka haƙa musu gari a cikin tsauni. Amma ni abin da ya tafi da imanina dutse guda ne: kuza.

Ƙwarai kuwa, kuzar da muka sani! Ita ce ta sa Turawa suka yi dafifi a Jos. Wajen haƙarta ne aka tono mutum-mutumin yumɓu na farko a ƙauyen Nok, nan kudancin Kaduna, a 1928. Masu wasan nan sun san aikinsu, don ba su watsa ta ko'ina ba. A jikin dutsen giranit take kwance, jijiya-jijiya, irin duwatsun Kagoro. Ranar da mahaƙinka ya fasa bango ta bayyana, sai ka ji zuciyarka ta yi fari fat!

Ka kai ta wurin narkarwa, ka tanadi gawayi. Ita kaɗai laushi gare ta, ba ta yin makami. Amma haɗa ta da jan ƙarfe ka ga ikon Allah: tagulla ce za ta fito. Nan take maƙeri zai ƙera takubba, gatura, kwalkwali da sulke. Garin da bai dace da tama ba, da wannan tagullar zai tari dodanni a bakin ƙofa.

Ga kuma inda na fi jinjina musu. Tukunyar yumɓu a wasan ba ta riƙe abin sha sai an dalaye ta. Da me? Da toka, ko da kuza! Maginin tukwane zai saka ta a matoya, ta fito tana sheƙi, ta ƙara daraja wurin fatake. Wane wasa ne ya taɓa zurfafa tunani haka?

Wasan na da wuyar koyo, amma mai haƙuri yakan dafa dutse. Tsohon samfurinsa kyauta ne a intanet. Ku sauke shi, ku nemi wuri mai giranit, ku sa diga. Yaron da ya narka kuza a nan ba zai ƙara yi wa arzikin ƙasarmu kallon banza ba!