Gamin Gambiza ko Gwaninta? Almara da Kimiyya a Finafinan Marvel

Gabatarwa

Duk marubucin da ya taɓa gwada shigar da aljani da jirgin sama cikin labari guda ya san akwai inda alƙalami kan tsaya cik, domin mai karatu zai tambaya: shin a wannan duniya da ka gina, wace doka ce ke aiki? Wannan matsala ce kamfanin Marvel na Amurka ya ɗauko wa kansa tun daga shekarar 2008, lokacin da ya fara jera finafinan sadaukai waɗanda dukkansu ke gudana cikin duniya ɗaya, abin da ya faru a wannan fim ya shafi wancan. A cikin duniyar nan akwai injiniya mai sulken ƙarfe, akwai masanin kimiyya da gwaji ya juye masa ya zama dodo, sannan ga Thor, wanda mutanen Arewacin Turai na da suka ɗauka allan tsawa ne. Abin da wannan sharhi zai duba shi ne yadda aka yi gamin, da inda kwalliya ta biya kuɗin sabulu, da inda aka tafka asara.

Tushen kowanne

Fim na farko, Iron Man na 2008, ƙagaggen labarin kimiyya ne tsantsa. Tony Stark ya ƙera sulkensa na fari a cikin kogo a Afganistan, kuma mai kallo na ganin walda da waya da gwajin da ya ƙi, har a kai ga wanda ya yi. Ko da abin ba zai yiwu a zahiri ba, labarin ya yi alkawarin cewa kowane abin mamaki yana da dalili, kuma wani mai ilimi zai iya maimaita shi. Tambayar da irin wannan adabi ke amsawa ita ce "ta yaya?"

Almarar su Thor kuwa wata hanya ta bi. Mafi yawan abin da aka sani game da ita ya zo ne daga rubuce-rubucen Aisland na ƙarni na 13, musamman littafin Edda da Snorri Sturluson ya rubuta wajen 1220. A can, Odin ya ba da idonsa ɗaya domin a bar shi ya sha ruwan rijiyar hikima. Thor yana da guduma mai gajeriyar ƙota wadda wadanni suka ƙera. Kuma dukkansu sun san ranar halakarsu, wato Ragnarok, tana tafe: kyarkeci zai haɗiye Odin, Thor zai kashe ƙaton macijin da ya kewaye duniya, ya yi taku 9 ya faɗi saboda dafi, wuta ta cinye komai. Almara ba ta damu da yadda guduma ke aiki ba. Abin da ta damu da shi shi ne me mutum ya biya kafin ya samu, da abin da ƙaddara ta tanadar masa.

Stan Lee da Larry Lieber da Jack Kirby ne suka shigar da Thor cikin mujallun zane na Marvel a 1962. Amma a takarda mai karatu kan yi haƙuri da abin da ba zai lamunta a majigi ba, inda mutum na gaske ke tsaye sanye da hular ƙarfe kusa da motar 'yan sanda.

Dabarar farko: sa wa almara rigar kimiyya

Da Kenneth Branagh ya shirya fim ɗin Thor a 2011, sai aka zaɓi hanya mai sauƙi. Aka mayar da mutanen Asgard wasu halittu na wata duniya masu tsawon rai da ci gaba, waɗanda suka sauko Norwe a shekarar 965, mutanen wurin suka ga abin da ya fi ƙarfinsu suka shiga bauta musu. Gadar bakan gizo ta almara, Bifrost, aka ce ita ce hanyar ratse ta sararin samaniya da masana ke dangantawa da Einstein da Rosen. Jane Foster, wadda ma'aikaciyar jinya ce a mujallun farko, aka mayar da ita masaniyar taurari domin a samu bakin da zai riƙa fassara wa mai kallo. Shi kansa Thor ya gaya mata cewa a garinsu sihiri da kimiyya abu ɗaya ne. A fim na biyu, The Dark World na 2013, Odin ya fito fili ya ce su ba alloli ba ne, ana haifarsu, suna mutuwa kamar kowa.

Kafin a yi saurin kushe wannan dabara, ya kamata a san ba Marvel ta ƙirƙiro ta ba. Shi kansa Snorri, da yake Kirista ne yana rubuta labarin abin bautar kakanninsa, ya buɗe littafinsa da bayanin cewa su Odin mutane ne da suka yi ƙaura daga yankin Troy, aka ga hikimarsu aka ɗaukaka su. Snorri ya kauce wa fushin coci, Marvel ta kauce wa dariyar 'yan kallo, amma ƙofa ɗaya suka bi. Kuma dabarar ta yi aikin da aka ɗauko ta dominsa, domin a The Avengers na 2012 an ga Thor da Stark suna faɗa a daji, tsawar gudumar ta ƙara wa sulken caji, ba wanda ya ji abin ya yi masa bambaraƙwai.

Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Da zarar an ce abin bauta baƙo ne kawai mai ingantaccen makami, to an sauko da shi kan sikeli ɗaya da kowa, abin da ya rage shi ne a auna wa ya fi wani ƙarfin naushi. Alal misali, idon Odin: a fim, a fagen yaƙi da ƙattin ƙanƙara ya rasa shi. Tabo ne irin na kowane tsohon soja. An zubar da ma'anar cewa sarki da hannunsa ya sayar da rabin ganinsa don ya san abin da zai hana shi barci har abada. Wannan babbar asara ce, kuma ba wani dalilin kimiyya da ya tilasta ta.

Inda aka bar almara da dokarta

Abin lura shi ne, wuraren da suka fi ratsa zuciya a jerin finafinan nan su ne waɗanda aka ƙi yin bayani. Ɗauki gudumar Thor. Odin ya ɗora mata sharaɗi cewa sai wanda ya cancanta zai iya ɗaga ta. Babu injin da ke auna halin kirki, saboda haka wannan doka ta almara ce zalla. A Age of Ultron na 2015, sadaukan sun taru suna gwada ɗaga ta ana raha, Stark ya sa hannun sulkensa ya kasa, ya koma yana zargin ai wata na'ura ce ke gane mai ita. Steve Rogers ya taɓa, ta ɗan motsa kaɗan, fuskar Thor ta canza. Aka bar maganar nan shekara 4, sai a Endgame na 2019 gudumar ta tashi ta faɗa hannun Rogers a tsakiyar yaƙi. Da an taɓa bayyana yadda take aiki, da wannan fage bai yi armashi ba. Masanin kimiyya ya tambaya, almara ta yi shiru, kuma kowannensu ya tsaya a matsayinsa.

A ganina Black Panther na Ryan Coogler, 2018, shi ya fi kowane iya wannan gami. Arzikin Wakanda daga wani ƙarfe ne da ya faɗo daga sama, kuma Shuri tana sarrafa shi a ɗakin gwaji. Amma sarauta ta hanyar al'ada take zuwa: sabon sarki ya sha ruwan wani tsiro, a binne shi, ya farka a filin magabata ya gana da mahaifinsa. Shin tsiron ne ya juya masa ƙwaƙwalwa, ko da gaske ya je? Fim ɗin bai ce ba. Abin da ya yi shi ne ya nuna Killmonger ya bi hanyar nan, amma maimakon fili da itatuwa sai ya tsinci kansa a ɗakin hayar Oakland inda aka kashe ubansa. Da fage ɗaya an faɗi dukkan abin da ake son faɗa game da ɗan da aka yanke daga tushensa. Kimiyya ta riƙe makami da magani, almara ta riƙe gado da laifin iyaye, ba wadda ta shiga gonar wata.

Ciwon da haɗakar ta haifar

Babbar matsalar tana cikin tsarin haɗakar kanta. Almara tana rayuwa ne da ƙarshen da ba makawa, shi kuwa jerin finafinai yana rayuwa da fim na gaba. Taura biyu ke nan a baki ɗaya. Thor: Ragnarok na Taika Waititi, 2017, ya ɗauki sunan ranar halaka, kuma yana da abin yabo, musamman fagen da Hela ta farfasa zanen rufin fada, wani tsohon zane ya bayyana a ƙarƙashi yana nuna cewa da yaƙi da ganima aka gina Asgard. An ƙone garin, Thor ya rasa guduma, ya rasa ido ɗaya kamar ubansa. Mai kallo ya fita da zaton an biya farashi. Shekara guda bayan haka, a Infinity War, Rocket ya zaro idon roba ya miƙa masa, aka kuma ƙera masa sabon gatari. A 2019 ya koma baya cikin lokaci ya ɗauko tsohuwar gudumar. Haka Loki: ya faɗa rami a 2011, ya yi mutuwar ƙarya a 2013, aka shaƙe shi a 2018, sannan wani Loki na wani zamani ya sulale a 2019 ya samu shirinsa na talabijin a 2021. A nan kimiyya ta zama magogin da ake share duk abin da almara ta rubuta. In mutuwa ba ta da tabbas, jaruntaka ma ta yi arha.

Matsala ta biyu ita ce rashin tsayawa kan magana ɗaya. An ce a 2013 ba alloli ba ne. A Love and Thunder na 2022 sai ga birni guda cike da alloli na al'ummu daban-daban, Zeus na Girkawa yana shugabanta, ga kuma Valhalla, makomar waɗanda suka mutu a fagen fama, an nuna ta a zahiri. Jigon fim ɗin mai nauyi ne: Gorr ya yi bauta, 'yarsa ta mutu a hannunsa, abin bautarsa ya yi masa dariya. Amma an mayar da allolin 'yan barkwanci tun kafin a amsa ƙorafinsa, sai tuhumar ta rasa wanda za ta kama.

Eternals na Chloé Zhao, 2021, ya koma wa dabarar farko har ya wuce gona da iri. An ce Gilgamesh da Athena da Icarus duk sunayen wasu baƙi ne da aka ƙera, aka turo su duniya shekara 7,000 da suka wuce, har suna taimaka wa mutane da dabarun ƙira. Wannan ra'ayi ne irin wanda Erich von Däniken ya yayata a 1968, kuma illarsa ita ce yana ƙwace wa mutanen da hikimarsu da tunaninsu, ya ba wasu daga sama. Sannan haɗakar ta ɗaure marubutan: dole su bayyana inda waɗannan masu ƙarfi suke lokacin da Thanos ya shafe rabin halitta. Amsar da suka bayar, wai an hana su tsoma baki, faci ce da kowa ke ganin ɗinkinta.

Abin da marubuci zai ɗauka

Wannan gami ba baƙo ba ne a wurinmu. Bello Kagara ya fara Gandoki, 1934, da yaƙin Turawa na tarihi, ya zarce da gwarzonsa cikin duniyar aljannu, kuma Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, 1969. Wanda zai bi sawunsu yau zai amfana da kura-kuran Marvel ta fuska 3. Na farko, ya yanke wa kansa tun kafin babi na ɗaya abin da ilimi zai iya bayyanawa a duniyarsa da abin da ba zai iya ba, ya kuma riƙe wannan iyaka ko da labarin ya matse shi. Na biyu, in ya aro wani abu daga almara, ya aro shi da farashinsa, domin rijiyar hikima ba tare da idon da aka bayar ba rijiya ce kawai. Na uku, abin da tauraro ya rasa a littafi na ɗaya kada a mayar masa a na biyu don kawai masu karatu sun yi kewarsa.

Kammalawa

Hukuncina shi ne Marvel ta nuna cewa gamin yana yiwuwa, kuma ta ba mu Loki wanda ya fi na wasu littattafai da yawa zurfin hali, duk da cewa a asalin almarar ɗan'uwan rantsuwa ne ga Odin, Hela kuma 'yarsa ce. Canza dangantaka irin wannan haƙƙin mai ƙirƙira ne, ba a nan laifin yake ba. Laifin yana inda aka ji kunyar almara aka lulluɓe ta da bayani, da inda aka ji tsoron asara aka warware ƙaddara. Mai son ganin bambancin ya kalli Black Panther da Love and Thunder a jere, ya lura da wanne ne ya bar shi yana tunani bayan an kunna fitila.