Allo ana wanke shi, waya sai dai ta cika

Wayar saurayi ta faɗa ruwa, ya kai ta wurin mai gyara a kasuwar Gaya. Aka tambaye shi lambar mahaifiyarsa, ya yi tsuru-tsuru. "Ai tana cikin wayar," in ji shi. Bashin da yake bi ma yana ciki, har da karatun tafsirin da ya naɗa da azumin bara, wanda bai taɓa kunnawa ba.

Ƙorafin cewa dogaro da abin ajiya na kawo mantuwa ya girmi waya da shekara fiye da 2,300. A littafin Fedrus, wanda Aflaɗun na Girka ya rubuta wajen shekara 370 kafin haihuwar Annabi Isa, Sokratis ya ba da labarin Teyut, wanda ya kai wa Tamus, sarkin Masar, rubutu a matsayin maganin mantuwa. Sarki ya ƙi yarda. A ganinsa mutane za su jingina da rubutu, su bar kai wayam, suna ɗaukar kansu malamai. Abin dariya, ba don Aflaɗun ya rubuta ba, da zancen ya bi iska.

Da sarkin nan ya leƙa tsangayun Gaya da Ajingi, da hankalinsa ya ɗan kwanta. Ƙolo zai rubuta karatunsa da tawada, malam ya biya masa, ya yi ta maimaitawa har ya zauna daram, sannan ya wanke allo. Wankewar nan ita ce jarrabawar: allo ba ya riƙe wa kowa ajiya. Da haka alaramma ke kaiwa ga rubuta izu sittin da ka.

Waya kuwa ba a wanke ta. Ɗalibi ya ɗauki hoton allon aji ya ce ya yi karatu. A ɗaurin aure hannuwa na sama, kowa na naɗa, babu mai saurare. A 2011 Betsy Sparrow ta Jami'ar Kolumbiya da abokan aikinta suka nuna cewa mutum ya fi manta abin da ya san kwamfuta ta adana masa.

To, gaskiya ɗaya ce, mai hadda yana gyara ƙira'arsa da muryar makarancin Alƙur'ani Husari a waya, wannan ba mai musu. Amma sauraro daban, riƙewa daban.

Duk wanda ke ganin an matsa masa, ya kife wayarsa yanzu, ya kawo lambobi uku da ka.