Sulke, Kwalkwali da Jar Dara: Sharhi a kan Ma'aunin Tantance Tsofaffin Kayan Yaƙi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan hanyoyin da masu tara kayan tarihi suke bi wajen yanke hukunci a kan tufafin yaƙi na dā. Hanyoyin nan biyu ne: ko dai a dogara da labarin da mai kaya ya bayar, ko kuwa a dubi tsatsa da tsufan tufa. Ra'ayinmu shi ne, duka biyun ba su wadatar ba, domin sukan cakuɗa tambayoyi uku da ya kamata a rarrabe: yaushe aka yi abin, a ina aka yi shi, kuma wa ya yi amfani da shi.

2.0 Tushen Al'amarin

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji (1390-1410) shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ya kuma ambaci yaƙin da Sarki Kumbari (1731-1743) ya kai Dutse, inda Sarkin Aujara ya rasu. A ƙarni na 19 hare-haren Ningawa sun tilasta wa garuruwan kudu maso gabashin Kano zama cikin shiri. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami irin waɗannan kaya a gidajen sarauta na wannan yanki. Sai dai tsufan al'ada daban, tsufan rigar da ke hannunka daban. Ambaton Kanajeji ba ya mai da kowane sulke ɗan shekara 600.

3.0 Sulke

A nan ne aikin A.D.H. Bivar, wato Nigerian Panoply (1964), ya yi amfani, domin ya kafa hujja da ƙirar kayan su kansu. Tsohon sulke na yaƙi, kowane zobe an dalaye bakinsa biyu, an huda, an ɗaure da 'yar ƙusa. Wani lokaci akan jera irin waɗannan da zobba marasa baki. Wanda aka matse bakin zobbansa kawai, ba ƙusa, sauƙin yi gare shi, kuma mashi na iya buɗe shi, don haka galibi aikin baya-bayan nan ne.

Amma wannan ma'auni yana da iyaka. Yana bayyana yadda aka ƙera riga, ba ya bayyana ranar da ta iso ƙasar Hausa. Sulke na iya zama tsoho ƙwarai, alhali fatake ba su kawo shi ba sai bayan ƙarnuka. Haka kuma riga ɗaya takan ƙunshi zobba iri biyu, domin maƙerin gari ya toshe inda ta yage. Mai neman kaya na ganin wannan aibu ne. Mai nazarin tarihi kuwa shaida ce gare shi cewa an daɗe ana sa rigar.

4.0 Kwalkwali da Lifidi

Matsalar ta fi tsanani a nan. Kwalkwalin 'yan lifida yawanci tsumma ne da aka cusa, aka ƙarfafa da ƙarfe, aka ƙawata da gashin jimina. Lifidi kuwa ƙyalle ne da aka ɗinke da abduga ko audugar rimi a ciki. Gara da asu da damina ba sa barin irin waɗannan su daɗe. Tun da yaƙi ya ƙare bayan zuwan Turawa a 1903, hawan salla ne ya riƙe su, kuma duk wanda ya lalace sabunta shi ake yi. Wanda ya ce sabon lifidi jabu ne ya yi kuskure, domin ba don yaudara aka ɗinka shi ba. Jabu shi ne wanda aka turara da hayaƙi aka laƙaba masa sunan wani barde don kuɗinsa ya ƙaru. Abin dubawa a nan shi ne saƙar ƙyallen, ko ta masaƙar gida ce ko ta masana'anta, da ɗinkin, ko na hannu ne ko na keke.

5.0 Kayan Sojan Mulkin Mallaka

Waɗannan sun fi sauƙin tantancewa, domin suna da ƙa'ida a rubuce. An kafa rundunar West African Frontier Force a 1897, ba a ƙara mata kalmar Royal ba sai 1928. Ashe ke nan duk lambar da ke ɗauke da haruffan RWAFF ba za ta kasance ta zamanin yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916 ba, kome daɗin labarin da ya biyo ta. Jar dara kuwa, da yake farar hula ma sun sa ta, ita kaɗai ba hujja ba ce. Takardar sallama da lambar da aka zana sunan soja a gefenta sun fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba.

6.0 Kammalawa

Abin da ke cikin haɗari ya wuce kuɗin mai saye. Ranar da aka fitar da sulke daga gidan da ya gaje shi ba tare da an rubuta tarihinsa ba, amsar tambaya ta uku ta ɓace ke nan, kuma babu gwajin ƙarfe da zai dawo da ita. Tun 1979 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma doka ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba, amma doka ba ta rubuta labari. Shawararmu ita ce sassan tarihi da na Hausa a kwalejojin ilmi su tura ɗalibai garuruwa irin su Aujara da Jahun da Dutse, su ɗauki hoton kowane abu a inda yake, su rubuta ƙirarsa a shafi ɗaya, bayanin masu shi a wani shafin. Inda biyun suka dace an sami hujja. Inda suka saɓa kuwa, nan bincike zai fara.