4.2 Jigon Kishin Ƙasa a Taken Nijeriya na 1960 da na 1978

Babu waƙar da ake rerawa ranar 1 ga Oktoba kamar taken ƙasa, don haka ya dace a auna shi da ma'aunin da ake auna sauran waƙoƙi, wato jigo da salo. Nijeriya ta yi take biyu. Na farko wata Baturiyar Ingila mai suna Lillian Jean Williams ce ta rubuta baitocinsa uku, aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Na biyu an harhaɗa shi ne daga rubuce-rubucen mutum biyar da suka shiga gasa, Benedict Odiase na ƙungiyar badujalar 'yan sanda ya ɗora masa kiɗa a 1978. A watan Mayu na 2024 aka koma ga na farkon.

Idan aka dubi warwarar jigo, za a ga taken 1960 gaisuwa ce da yabo. Tun a baitin farko ya amince cewa ƙabilu da harsunan ƙasar sun bambanta, sa'an nan ya nemi 'yan'uwantaka a kan wannan bambanci. Masu suka sun ce kalmomin da aka zaɓa don "ƙabila" da "ƙasar haihuwa" suna da warin mulkin mallaka, kuma sukar tana da hujja. Duk da haka, a nan ne waƙar ta fi ƙarfi, domin ta kama matsalar da sunanta, shekara bakwai kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Baiti na uku kuma addu'a ce a gina ƙasar da ba a zaluntar kowa. Ke nan an ɗora wa ƙasar nauyi, ba talaka kaɗai ba.

Shi kuwa taken 1978 kira ne da umurni. An haife shi a zamanin mulkin soja, muryarsa ma ta mai ba da oda ce a filin fareti: a tashi, a yi biyayya, a yi hidima. Bai ambaci ƙabila ko harshe ba ko sau ɗaya. Mai yiwuwa raunin yaƙi ne bai warke ba, aka ga gara a yi shiru.

Sai dai akwai rauni guda da ya haɗa su, musamman a kunnen Bahaushe. A waƙar baka, makaɗi ba ya zuga mutum sai ya kira sunansa da na ubansa da garinsu, kirari ma haka yake. Waɗannan take biyu kuwa ba su ambaci gari ko kogi ko gwarzo ɗaya ba. Na 1978 ya yi maganar wahalar mazan jiya, amma bai ce wane ne ba, domin duk sunan da aka kira wani sashe zai ce an bar nasa. Ga shi kuma duka da Ingilishi suke. Yaron firamare a Gumel ko Argungu yakan haddace su kamar yadda yake haddace jadawalin lissafi, ya ƙame, ya rera, alhali da wuya ya iya fassara ɗango biyu a jere.