Abin da Ke Ƙarƙashin Kafet

Tun daga nesa muka ji ta. Tsohuwar Hilux ce, irin ta kafin 2005, injin yana gurnani kamar zai tsage, amma tafiyarta ba ta fi ta amalanke ba. Ruwan Agusta ya kwana yana zuba. Direban ya taso daga wajen Kakangi, ya sa ƙaramar giya don ya tsallake wani caɓi, ya tsallake lafiya, sai sandar ta ƙi komawa. A haka ya rarrafo har wani gareji a Magajin Gari, cikin Birnin Gwari, inda na fake wa yayyafi.

Ga wanda bai taɓa tuƙa irin wannan mota ba, sanda biyu ce a tsakanin kujerun gaba. Doguwar ita ce giyar da kowa ya sani. Gajeriyar kuwa tana sarrafa wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ke manne a bayan giyabos, wanda ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya da na gaba. A kanta an rubuta H2, H4, N da L4. H2 na kwalta ne, tayoyin baya kaɗai ke ja. A H4 duka huɗun ke ja. L4 ma huɗun ne, sai dai an rage gudu fiye da ninki biyu don ƙarfi ya ƙaru. Toyota ta fara Hilux a 1968, mai ja da taya huɗu ta fito a 1979, kuma daga samfurin 2015 aka maye gurbin sandar da maɓallin murɗawa. A ƙasar da titin Kaduna ta Buruku da na Funtua ne abin dogaro, sauran kuwa galibi hanyoyin ƙasa ne masu ratsa rafuka da gefen dajin Kamuku, wannan 'yar sanda ba ado ba ce. Kowa a nan ya san abin da ake nufi da mota ta maƙale a daji la'asar sakaliya.

Direban ya fito yana cewa a kawo guduma ko a sa bututu a ɓanɓare ta. Bakaniken, dattijo mai ƙarancin magana, bai tanka ba. Abin da ya fara yi shi ne ya sa yaronsa ya kawo duwatsu biyu aka tokare tayar baya gaba da baya. Na tambaye shi dalili, tunda motar tana cikin giya. Ya ce in ƙaramin akwatin ya faɗa N, tayoyi sun rabu da inji ke nan, ko giya ɗaya ka bar ta za ta gangara da kai.

Sannan ya zauna a kujerar direba, ya kama sandar da yatsu uku, ya girgiza ta a hankali yana sunkuyar da kai kamar mai sauraron ƙirjin jariri. Tana lilo, tana ɗan ɗagowa sama. Ya ce, "Malam, akwatinka lafiya lau. Mazaunin sanda ne ya cinye."

Daga nan aka shiga aikin da ya fi gyaran kansa cin lokaci. Ya murɗe kawunan sandunan biyu ta hagu suka fita. Ya shimfiɗa tsumma a kan dashbod, ya ɗauko murfin gwangwanin madara guda uku. Kusoshin murfin robar da ke kewaye da giya suka shiga na farko. Robar nan ta sha rana fiye da shekara ashirin, ta bushe kamar ƙosai kwanan jiya, kuma ban da kusoshi akwai 'yan haƙoran roba da ke riƙe da ita ta ciki, waɗanda ido ba ya gani. Ya naɗe bakin sukudireba da ƙyalle, ya zura a daidai inda haƙori yake, ba a tsakiya ba, ya ɗan karkata hannu. Ƙas. Ya matsa gaba kamu ɗaya. Ƙas. Yadda ya san wurin kowane haƙori ba tare da ya leƙa ba, wannan kam shekaru ne.

Kafet ya fi ba ni mamaki. Bakinsa ya rufe farantin ƙarfen da ke danne robar sanda, kuma na sha ganin inda ake sa reza a tsaga shi a wuce wurin. Motocin da aka yi wa haka ba sa ɓuya: ƙura na shigowa da rani, ruwa na kwanciya da damina, bayan shekara biyu ƙasan mota ya yi tsatsa har kana hango titi. Shi kuwa ya kwance sandar robar bakin ƙofa, ya sa sifana mai lamba 14 ya sassauta ƙafafun kujera, yaron ya ɗaga ta, ya naɗe kafet baya kamar tabarma. Ƙarƙashinsa akwai ƙwayar masara, da tsabar gero da ta fara tsiro, da naira ɗaya ta ƙarfe. Ya sa aka share tas kafin ya taɓa noti ɗaya, domin nan da minti biyar zai buɗe ramin da ke kallon cikin akwatin kai tsaye, kuma tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓata haƙoran giya.

Farantin ya fita, robar mai kama da ziga-zigi ta biyo shi. Ya duba ta a hasken ƙofa ko ta yage. Sannan ya matse wani zoben ƙarfe da filaya mai tsinin baki, ya zare sandar sama, ya toshe ramin da tsumma nan take.

A gindin sandar akwai dunƙule kamar ƙwallo, wanda ke zaune cikin zoben roba. A kansa take juyawa. Zoben ya rududduge kamar tsohon sabulu, don haka sandar ta ɗago, tsininta ya fice daga gurbinsa. Ya haska tocilan ya nuna mini: ƙarafa biyu ne kwance a ciki, kowanne da gurbi. Ɗaya ke zaɓar taya biyu ko huɗu, ɗaya ke zaɓar gudu ko ƙarfi. Sun saɓa wa juna, shi ya sa sandar ta rasa hanya. Da an bi shawarar guduma, da tsinin ya karye a ciki, sai an sauke akwati, wataƙila sai an aika Panteka a Kaduna neman wani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma akwai gareji da yawa da za su fara da sauke akwatin saboda kuɗin aikin ya fi tsoka.

Ya tsince gutsattsarin robar ɗaya bayan ɗaya da waya mai lanƙwasa. Ya ce wa yaron, "Kai, taka kulochi." Ya sa doguwar sukudireba ya tura ƙarfe ɗaya, ya ƙi. Bai ƙara ƙarfi ba. Ya sa aka janye duwatsu kaɗan, mutum biyu suka jijjiga motar gaba da baya don nauyin da ke kan haƙoran ya saki, ya sake turawa, ya tafi sumul. Gurabun suka daidaita. Ya wanke dunƙulen da kananzir, ya ɗauko sabon zobe daga wata tsohuwar jakar leda, ya shafa giris daidai bakin yatsa, ya mayar.

Kafin ya rufe komai sai da ya gwada. Ya je tayoyin gaba ya murɗa makullan tsakiyarsu zuwa LOCK, ya fitar da motar kan jar ƙasa, ba kwalta ba, domin irin wannan akwati yana ɗaure gaba da baya su juya tare, a kan kwalta kuwa ba inda taya za ta ɗan zame idan an sha kwana. H4, tsayawa cak, L4, komawa. Sau uku. Sai ya dawo ya mayar da roba da faranti, ya shimfiɗa kafet ya cusa bakinsa inda yake, ya ɗaure kujera.

Yaron ya miƙo murafun gwangwanin, ya ce, "Oga, an gama." Ya karɓa ya kife su ɗaya-ɗaya a tafin hannu. Na uku ya zubo da ƙaramar kusa guda. Direban ya riga ya tayar da mota yana duban hadarin gabas. Dattijon ya ce masa ya kashe, ya buɗe ƙofa ya durƙusa yana laluben ramin kusar da yatsa.